Koren Littafin da Aka Kai wa Malama Rifkatu

A cikin 'yan Kiristocin da suka rage a Ƙaura Namoda, kowa da abin da yake faɗi game da Mama Hannatu mai akwatin littattafai. Matan zumuntar coci cewa suke in ka kai mata damuwa ba ta katse ka, sai ka zazzage tas, ta yi shiru har ka fara zaton barci ya sace ta, sannan ta buɗe akwatin ta miƙo maka littafi. Uwargidan fasto cewa take ta fi mai kantin magani sanin abin da ya dace da mutum. Samari kuwa dariya suke mata, don ba ta kiran littafi da sunansa sai da launin bangonsa: mai ja, mai shuɗi, mai hoton fitila. Maƙwabciyarta Asiya mai awara, Musulma ce, katanga ɗaya ta raba su shekara ashirin, ita cewa take, "Hannatu likita ta, sai dai allurarta takarda."

Ba a kan karatu ta tashi ba. Tana da shekara arba'in da shida, bayan rasuwar mijinta Tambari leburan reluwe, ta fara riƙe fensir. Wadda ta koya mata kuwa Rifkatu ce, malamar firamare a wajen Sakajiki, yarinyar da Hannatu ta isa haifa. Talata da Juma'a da la'asar suke zama a barandar coci, Rifkatu ta kama mata yatsa tana bin baƙaƙe da shi. Shi ya sa har yau Hannatu ba ta kiranta da suna gatsal, sai Malama.

Da karatun ya zauna, aka damƙa mata akwatin ƙarfen da littattafan coci suke ruɓewa a ciki. Akwai ƙagaggun labarai na masu bi, akwai na ƙarfafa zuciya, akwai na addu'o'i masu manyan baƙaƙe don tsofaffi. Ta kafa wa kanta doka biyu. Ba ta ba da littafin da ba ta karanta ba har bangon ƙarshe, ko zai ɗauke ta wata guda. Kuma ba ta ba mutum littafi sai ta zauna ta ji shi. Matar da aurenta ke tangal-tangal ta samu mai ja. Saurayin da ya gama makaranta shekara uku ba aiki ya samu labarin wani manomi da fari ya ci gonarsa sau uku. Wani ma ta ji shi ta sallame shi hannu rabbana, ta ce abinci yake buƙata, ba karatu ba.

Wata Alhamis cikin hutun makaranta, Rifkatu ta bi mijinta Ishaya kasuwar Shinkafi. Shi kayan gyaran babur yake kaiwa, ita wake za ta sayo. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare motar, suka kora mutanen ciki daji.

Mako bakwai aka yi. Cikin makonnin nan matan zumunta ba sa iya waƙa, in an fara sai ta mutu a baki. Hannatu ta duba akwatinta ta ciro mai koren bango. Labarin wata mata ce da ɓarayi suka kama tare da mutanen garinsu. A hannunsu ba ta daina waƙa da addu'a ba ko yini ɗaya, har shugaban ɓarayin ya durƙusa gabanta yana kuka, ya sake su duka, ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Hannatu ta riƙa karanta wa matan shi kowace Laraba, babi-babi, da yatsanta a kan layi. Ya yi aiki. Mata suka dawo da waƙa. Suna fita suna cewa, "Haka Malama take can. Mun san ta, yanzu haka tana yi musu wa'azi."

Bayan dangi sun yi abin da ake yi, sun biya kuɗin fansa, aka sako Rifkatu ta wajen Zurmi. Ita kaɗai. Ishaya ya rasu a can.

Hannatu ta je gaisuwa kwana uku bayan dawowarta. Ta tarar da ita zaune a bakin gado, an ɗaure mata ƙafafu da bandeji, wuyanta ya yi tsawo, idanunta ba sa tsayawa kan komai. Akwai kujera 'yar tsugunno a gefen ƙofa. Rifkatu ta nuna ta da hannu.

"Mama, zauna."

Hannatu ta dubi kujerar, ta dubi ƙafafun.  Ta san in ta zauna za a faɗa mata, ita kuwa ranar ta ji ba ta da wurin ajiye abin da za a faɗa.

"A'a, Malama, ki huta. Ya haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar. Ga wannan, shi ya riƙe mu da ba kya nan."

Ta ajiye koren littafin kan gado ta fito. A hanya tana gaya wa kanta ai mai ciwo ba ya son dogon zama.

Lahadi biyu suka wuce Rifkatu ba ta zo sujada ba. An sa ranar godiya, an shirya za ta tsaya gaban jama'a ta ba da shaida kamar yadda ake yi wa duk wanda Allah ya fid da shi daga wata masifa. Matan zumunta har sun ɗinka anko. Aka aika mata sau biyu, ta ce ƙafa ce ta hana ta.

Ran Alhamis da hantsi Hannatu na tsince shinkafa a tsakar gida, Asiya ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta dangwarar da wata baƙar leda kan tabarma.

"Ga allurarki an maido. Rifkatu ta ce a ba ki."

Hannatu ta buɗe. Koren littafin ne.

"Ina kika gan ta?"

"Gidanta mana. Kullum da sahe nike kai mata kunu, tunda ku masu anko kun bar ta da takarda. Hannatu, mi ke cikin wanga abu? Yarinya ta ce tun da ta karance shi ko ruwa ba ya wuce mata da daɗi."

"Labari ne na ƙarfafawa."

"To ya ƙarfafa ta. Ta ɗaure kayanta. Jibi Asabar za ta bi motar Gusau, daga can ta wuce Zuru wurin dangin uwarta. Ta ce ba ta sake taka garin ga, kuma ba ta son kowa na cocinku ya rako ta tasha." Asiya ta gyara ɗaurin zane. "Ke da ake cewa kina jin mutum kamin ki ba shi magani. Wanga karo a tsaye kika rubuta, kamar malamin asibiti ran kasuwa."

"Wa ya ce miki a tsaye na ba ta?"

"Ita. Ta ce ko takalmi ba ki tuɓe ba."

Asiya ta fita. Hannatu ta zauna da tiren shinkafa a cinya, kaji suka zo suna ci daga ciki ba ta kore su ba. Ta buɗe littafin. Ta san shi kamar tafin hannunta, amma yau sai ta gwada karanta shi kamar ita ce zaune bakin gadon nan. Ta kai wurin da matar ke ce wa mutanen garinsu duk wanda bangaskiyarsa ba ta girgiza ba, nasa ba zai taɓu ba. Sau uku ta karanta wa zumunta wannan layin, har ana tafi. Ta rufe littafin.

Ba ta je wurin Rifkatu ranar ba. Ta ɗauki gyale sau biyu tana mayarwa. Me za ta ce? Ai ba da mugunta ta yi ba. Ai littafin ya taimaki mata talatin. Ta yi tunanin ta zaɓo wani, mai shuɗi wataƙila, wanda aka rubuta don masu makoki. Har ta sa hannu a akwatin, sai ta gane abin da take shirin sake yi, ta janye hannun.

Ran Juma'a da azahar, lokacin da titi ya yi tsit mutane sun tafi masallaci, ta fita hannunta ba komai.

Ta tarar da ɗakin Rifkatu an kwashe labule. Buhuna biyu a ɗaure, katifa a naɗe. Rifkatu na zaune a ƙasa tana jera kwanoni cikin bokiti. Ta ɗago ta dube ta, ta ci gaba da abin da take.

"Sannu, Mama. In maganar shaida ce, na gaya wa uwargidan fasto ba ni da ita."

Hannatu ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa. Kujerar tana kife kan buhu. Ta sauko da ita ta zauna, ta haɗa hannuwa a cinya. 

Kwanoni suka ƙare. Rifkatu ta ɗauko cokula ta shiga gogewa ɗaya bayan ɗaya, alhali a wanke suke. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Kin san abin da mata ke tambayata? Wace waƙa na riƙa yi. Wata ta ce ko na ga haske. Wata ta ce a cikin ɓarayin nawa suka tuba."

Ta ci gaba da goge cokalin.

"Ban yi waƙa ba, Mama. Tuwo na yi. Da suka ji ni malama ce sai suka yi dariya, suka ce to malama ta hau murhu. Ni ke daka, ni ke tuƙi, safe da yamma. Maza suna can ƙarƙashin wata kuka a ɗaure, ƙafa da ƙafa. Kullum ta gabansu nake wucewa da tukunya. In na samu sarari in dunƙule ƙanzo in yar kusa da Ishaya kamar ya faɗi."

Ta ajiye cokali, ta ɗauki wani.

"Makon farko na yi addu'a. Na biyu ma na yi. Daga nan in na buɗe baki ba abin da ke fitowa. Zazzaɓi ya kama shi cikin mako na biyar. Na roƙe su magani, wani yaro da bai kai ɗaliban da na koyar ba ya ce in na sake magana zai fasa min baki. Ranar da ya cika ina daka dawa. Ina hango su suna kwance shi daga jikin na kusa da shi. Ban ajiye taɓarya ba. Tsoro nake kada su ce abinci ya makara."

Hannatu ta ji hawaye na bin gefen hancinta. Ba ta share ba, don kada motsin ya katse maganar.

"Kuma ban yafe musu ba. Kada ki tambaye ni. In na rufe ido fuskokinsu nake gani, abin da nake roƙa musu ba na coci ba ne." Sai yanzu ta juyo. "Sai ga shi kin kawo min wannan matar. Ita ba ta yi shiru ba, nata ba wanda ya mutu. Na karanta shi sau biyu, Mama. Ke ba kya ba mutum littafi a banza, kowa ya sani. Kina dubawa ki ga abin da ya rasa. Na ce to, Mama ta dube ni ta ga abin da na rasa. Da na yi irin nata, da Ishaya na nan."

"Malama..."

"Ni na koya miki karatu. Na san yadda kike bin layi, ba kya tsallake ko ɗaya. Ba za ki ce ba ki ga wurin ba."

Daga nesa aka ji an sallame salla, babura sun fara wucewa. Hannatu ta buɗe baki, maganganu da yawa suka taso mata: cewa labari ne kawai wani ya zauna ya ƙaga, cewa matan sun buƙace shi a lokacin, cewa Allah ba haka yake awo ba. Duk gaskiya ne. Ta bar su suka wuce, don ba su ne Rifkatu ke jira ba.

Ta zame daga kan kujerar ta durƙusa a sumunti, gwiwoyinta suna ƙara. Rifkatu ta zabura.

"Haba Mama, tashi. Kin haife ni."

"Bar ni a nan." Hannatu ta ƙi tashi. "Na ga wurin. Ban dube ki na ga kin rasa komai ba, don ban dube ki ba sam. Kin ce in zauna, na ƙi. Tsoron abin da za ki faɗa min nake, sai na ajiye miki littafi na gudu. Wancan littafin namu ne, mu da muka kwana a gidajenmu, ba naki ba ne. Ba shirunki ya kashe Ishaya ba, waɗanda suka ɗaure shi ne. Ko kin tafi gobe ko kin zauna, ba na so ki ɗauki wannan ki hau mota da shi. Na cuce ki, Malama. Ki yafe mini."