Yatsu Biyu a Saman Taya

Auta yana durƙushe a gindin tayar motar ta baya, yana ƙoƙarin cusa yatsu biyu tsakaninta da leɓen ƙarfen da ke samanta, sai ya ji an damƙi wuyan rigarsa an ɗaga shi tsaye.

"Sallama ka zo yi mana ko bincike?" in ji mijin yayarsa.

Babirki direbobi suke ce wa mutumin nan, kuma ba su zalunce shi ba. Shekara ashirin ya yi yana jan tirela, har yau in ya ɗauki hanya ko magana babu mai tsayar da shi. A gidansa Auta ya tashi bayan rasuwar iyayensu, shi ne kuma ya kai shi koyon kanikanci. Shi ya sa Auta, da garejinsa da gemunsa, bai taɓa iya kallon tsakiyar idonsa ba.

"Baban Biyu, motar nan ba za ta yi tafiya ba," Auta ya ce. "Ko yatsa ɗaya bai shiga ba. Ƙarfen yana cin tayar."

"Wa ya ɗaura ta?"

"Ni."

"To ashe kai ne ba ka iya aiki ba."

Maganar ta soki Auta, domin akwai gaskiya a cikinta. Mako guda da ya wuce Babirki ya kawo masa manyan tayoyi masu faɗi da wili mai walƙiya, ya ce a ɗaura, a kuma sauke bayan motar ta kwanta ƙasa yadda ta yaran zamani take. Auta yana da ƙa'idarsa a irin wannan aiki. Yakan goga alli a cikin leɓen ƙarfen, ya ɗora buhun yashi huɗu a kujerar baya, ya hau tudun bakin gareji sau uku. In alli ya fito a jikin taya, mota ba ta fita. Ran nan da ya jawo buhun farko, Babirki ya daka masa tsawa, wai sabuwar rigar kujerarsa za a zuba wa yashi? Auta ya ajiye buhun, ya gwada motar babu komai a ciki. Alli bai taɓa taya ba, ya miƙa makulli yana jin kunyar kansa.

Yau ga motar an cika ta taf. But ɗin ya ƙi rufuwa sai da igiya, an ɗaura katifa da akwatuna a sama, 'yan biyun yayarsa suna zaune a baya da ƙunshin kaya a cinya. Tafiyar awa bakwai ce zuwa wurin mahaifiyar Babirki. A kafaɗar tayar kuwa, Auta ya riga ya shafo wani rami da ya zagaye ta, wanda ƙarfen ya sassaƙa a kwanakin da Babirki ya yi yana yawo da abokansa.

"Laifina ne, na yarda," ya ce. "Ba ni awa biyu in mayar da tsofaffin tayoyin. In ta yi zafi a kan babban titi, fashewa za ta yi da yaran nan a ciki."

"Baki za ka yi mana?"

"Wallahi ba baki ba ne. Sa hannunka ka ji."

Hannun kuwa ya sa, amma a kuncin Auta. Marin ya juya shi har kansa ya bugi madubin gefe. Kafin ya dawo daidai, na biyu ya sauka a kan kunnensa, duniya ta ɗauke ɗif sai wani zuuu. Ya ji gishirin jini a bakinsa. A cikin motar 'yan biyu suka fasa ihu.

"Ni za ka koya wa taya? Na cinye taya fiye da yadda ka cinye takalmi!"

Yayarsa ta fito daga gida da gudu, kwandon abinci a hannu, mayafinta yana jan ƙasa. Ta dubi mijinta, ta dubi maƙwabtan da suka fara leƙowa ta ƙofa, sannan ta dubi ƙaninta.

"Auta, me ka yi masa? Ba shi haƙuri."

"Yaya, kada ki shiga motar nan."

"Ka rufa mini asiri, mutane na kallo. Ba shi haƙuri na ce."

Wannan ya fi marin ciwo. Ita ta goye shi, ita ta yi ta shiga tsakani duk shekarun nan, kuma kullum maganarta ɗaya ce, ba shi haƙuri. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, ta ɗora kwandon a cinya ba ta sake kallonsa ba.

Babirki ya shiga ya tayar da mota. Da ya sa ribas ya fara sauka daga dakalin ƙofar gida, bayan motar ya nutsa, Auta ya ji ƙarar da yake tsoro, wani gurrr kamar ana jan zarto a kan roba. Babirki ya ƙara muryar rediyo.

Akwai doguwar sukudireba a aljihun wandon Auta, ba ya rabuwa da ita. Bai tsaya shawara da zuciyarsa ba. Ya zaro ta, ya bi motar, ya faɗi a kan gwiwa ya caka ta a cikin ramin nan na kafaɗar taya. Ya yi zaton sai ya sa ƙarfi, sai ta shige kamar cikin jiƙaƙƙen sabulu. Iska ta fito da ƙara ta watsa masa ƙura a fuska, motar ta karkata.

Ƙofar direba ta buɗe. Babirki bai yi zagi ba, wannan ne ma ya sa maƙwabta suka fara salati. Ya sunkuya ƙarƙashin kujera ya ɗauko sifanar kwance taya.

Auta ya gan shi sarai, kuma da ya so gudu da ya tsira. Amma ya san akwai safaya guda a ƙarƙashin kayan nan, ya kuma san halin mutumin. Zai sauke kaya ya canza tayar cikin minti goma, ya kama hanya da ɗaya tayar bayan, wadda ita ma ƙarfen ya ci. Taya ɗaya ba ta isa ba. Ya rarrafa ta bayan motar zuwa ɗaya gefen.

Bugun farko ya same shi a gadon baya, ya kife. Ya yunƙura ya dafa tayar da hannun dama don ya saita sukudireba, na biyu ya sauka a kan hannun. Ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin. Da zafin ya iso, sai da ya yi amai a kan rigarsa. Sukudireba ta faɗi ta gangara ƙarƙashin mota.

"Baban Biyu! Za ka kashe shi!" Yayarsa ta fito da kwandon a hannu ta riƙe rigar mijin ta baya, ya watsar da ita ta faɗi zaune, abincin ya tarwatse a ƙasa.

Wannan ɗan lokacin Auta ya samu. Ya miƙa hannun hagu ya lalubo sukudireba, ya kafa bakinta a ramin, ya danna da ƙirjinsa gaba ɗaya. Taya ta biyu ta huce. Takalmin Babirki ya same shi a haƙarƙari sau biyu kafin telan unguwa da mai shagon kusa da wasu maza uku su rungume shi su ƙwace ƙarfen.

"Ku sake ni! Ɗan da na ciyar! Butulu! Ka san nawa na sayi tayoyin nan?"

Auta ya jingina da motar yana numfashi da ƙyar. Hannunsa na dama ya kumbura, yatsu biyu sun kalli inda bai kamata ba. Da hannun nan yake ci, ya kuma san ko an ɗaure shi ba lallai ya sake riƙe sifana yadda ya saba ba. Tsoro ya kama shi sosai, amma bai yi nadama ba.

Yayarsa ta rarrafo kusa da shi tana kuka. "Me ya kai ka? Auta, me ya kai ka?"

"Sa hannunki nan, Yaya. Nan sama."

Ta sa. Ta bi ramin da yatsa a hankali, sai ta fizge hannun da sauri. Wata siririyar waya da ta leƙo daga cikin tayar ta tsaga mata yatsa, jini ya taru a kai. Ta daɗe tana kallon jinin, sannan ta ɗaga kai ta kalli 'yan biyu, waɗanda kujerarsu take daidai saman tayar. Ta tashi ta buɗe ƙofa ta fito da su, ta tura su cikin gida. Ta dawo ta tsaya a gaban mijinta, ta nuna masa yatsan.

"Ku sake shi," ta ce wa mazan.

Suka sake shi suna ɗari-ɗari. Babirki ya zo ya tsuguna yana huci, da niyyar ya ƙaryata kowa. Ya shafa kafaɗar tayar. Ya sake shafawa, ya danna ramin da babban yatsa, robar ta lotsa kamar fatar ganga. Shekara ashirin a kan hanya, ya sha ganin abin da irin wannan taya take yi wa mota, ya kuma sha taya kwashe mutane daga gefen titi. Ya zagaya ɗaya gefen ya taɓa waccan ma. Hucin ya tsaya.

Ya daɗe a tsugune. Can, ba tare da ya juyo ba, ya yi magana da muryar da ya saba yi duk lokacin da mota ta ba shi matsala.

"Auta, ɗauko jak mu..."

Ya juyo, idonsa ya sauka a kan hannun. Bai ƙarasa ba.

Yayar ta cire mayafinta ta naɗe hannun a hankali, ta rataya shi a wuyan ƙaninta. Ta ce wa tela ya taimaka ya tsayar musu da tasi.