Lambar da ke Cikin Ambulan

Saura minti goma a rufe akwatin, ta buɗe motar yayanta ta dira tun kafin ta gama tsayawa.

"Ke 'Yar Alli, a hankali!" in ji Yaya. "Shekara bakwai kina auna abin da ko kiyashi bai taɓa gani ba, yau kuma za ki ɓalle mini ƙofa a kansa."

"Addu'a dai, Yaya!"

Ta haye benen sashen kimiyya bibbiyu, ambulan a ƙirjinta. Tun tana ɗaliba aka laƙa mata sunan, don ba ka taɓa ganin hannun rigarta babu farin alli. Yanzu dokta ce, amma sunan ya ƙi sakinta.

Dokar masu wannan aiki ɗaya ce. Kafin masu gwaji su faɗi abin da babbar na'urarsu ta auna, duk mai lissafi sai ya rubuta lambarsa, ya liƙe a ambulan, ya jefa a akwati. Ba gyara, ba "dama abin da nake nufi ke nan." Abin da ake gardama a kai kuwa cibiyar wata ƙwayar zarra ce da ba ta rayuwa ko na ƙiftawar ido. In cibiyar a dunƙule take kamar ƙwallo, girgiza ta sai da ƙarfi mai yawa, lambar za ta yi sama. In a miƙe take kamar ƙwai, lambar za ta faɗo ƙasa.

A bakin ɗakin taro ta ci karo da Farfesa, wanda ya koyar da ita tun daga riƙon alli. Shekara talatin yana cewa ƙwallo ce. Babi na tara na littafinsa a kan haka ya tsaya.

"Dokta," ya ce a hankali. Ba ya kiranta haka sai magana ta yi nauyi. "Har yanzu ɗari shida da goman nan?"

"Ita ce, Farfesa."

"Tawa dubu ɗaya da ɗari huɗu. Rukuni biyar na masu lissafi duk suna kusa da ni. Wata mai zuwa kwamiti zai zauna a kan ko za a tabbatar da ke a aiki, kuma uku daga cikinsu suna cikin ɗakin nan." Ya zaro ambulan ɗinsa, bai liƙe ba tukuna. "Na bar wuri. Sa sunanki ƙarƙashin nawa, ki mayar da wannan jaka. Ba wanda zai sani."

Ta san ba mugunta ba ce, tsoro yake ji mata. Ta tuna sau goma sha ɗaya da ta maimaita lissafin, sau biyu da hannu, tana neman kuskuren da zai mayar da ita layin jama'a. Ba ta same shi ba.

"Farfesa, in na yi kuskure, gara a ce nawa ne."

"Taurin kai dai."

"A ajinka na kwaso."

Ta jefa nata a akwati, shi ma ya liƙe nasa ya jefa. Sakatariyar sashe ta murɗa makulli, ta ce, "To, mai kuka ya tanadi hankici."

Ɗakin ya cika. A babban allon bidiyo na bango ga shugabar masu gwaji daga can wurin na'ura, tana jira. Aka shiga farke ambulan ana rubuta lambobi. Dubu ɗaya da ɗari uku. Dubu ɗaya da ɗari biyar. Ta Farfesa. Da aka karanta ɗari shida da goma, wani a baya ya tuntsire.

"Ko dai rabi ta rubuta, za ta ciko gobe?"

Dariya ta zagaye ɗakin. 'Yar Alli ta kafa wa allon ido.

Shugabar masu gwaji ta gyara tabarau. Ta yi bayanin watannin da suka kwashe suna tattara awo, ta yi godiya ga wane da wane, har sakatariya ta ce ƙasa-ƙasa, "Baiwar Allah, faɗi mana mu huta." Sannan ta ɗaga takarda.

"Ɗari shida da ashirin da biyu. Kuskuren awo bai wuce goma sha biyar ba, sama ko ƙasa."



Mai dariyar nan ne ya fara tafawa, don kunya. Ɗaki ya ɗauka. Ita kuwa ta kasa tashi. Tana ta sake cire goma daga ashirin da biyu a ranta, kamar amsar za ta canza. Sha biyu. Bai kai sha biyar ba, tana ciki. Farin ciki ya lulluɓe ta. Da ta juya, sai ta ga kujerar Farfesa babu kowa.

Farin cikin ya rage. Ta ratsa masu miƙo mata hannu, ta bi shi ofis. Ta same shi tsaye, littafinsa a buɗe kan tebur, waya a kunne.

"Ƙwai ce, mutumina, ƙwai!" yake faɗa wa wani da ƙarfi. "Mu shida muka sha ƙasa. Wa ya samo? Ɗalibata! A'a, ba da ni ba, ita kaɗai. Ni ma hana ta na yi."

Ya ajiye wayar, ya gan ta a bakin ƙofa, ya yi maza ya ɗaure fuska.

"Farfesa, ban so a ce a gaban jama'a..."

"To a ina kike so? A bayan gida?" Ya tura mata littafin. "Ranar Litinin ƙarfe takwas ajina zai shiga babi na tara. Ba zan tsaya in koyar da abin da na san ba haka yake ba. Ke za ki shiga."

"Kai fa?"

"Ina kujerar gaba." Ya jawo aljihun tebur, ya shiga laluben sabon littafin rubutu. "Ki zo da shiri, Dokta. Akwai layi biyu a shafi na huɗu na lissafinki da har yanzu ban gane ba."