Ranar Da Ba A Kashe Wuta Ba

…kuma abin haushin, babu ƙarya a takardar. Ko kalma ɗaya. Ƙungiyar ƙwadago ta rubuta masa tsaf, nasa karantawa ne kawai: muna goyon bayan sabuwar doka, kada mai gyaran lantarki ya taɓa waya da wuta a jikinta, in an matsa masa ya ƙi, kuma ba mai korarsa. Gaskiya ce zalla. To me ya sa Torleif ke jin ta a aljihu kamar dutse?

Benci mai sanyi. Ƙofar kwamitin majalisa a rufe. Saura mutum biyu kafin shi… a'a, ɗaya.

Shekara ashirin da ɗaya yana shugaban masu gyaran wuta a masana'antar daskarar da kifi, bai taɓa jin tsoron waya ba, yau ga shi ƙofar katako tana ba shi tsoro. Waccan Talatar — jirgin ruwa ya sauke kifi tan arba'in, injin sanyi yana tari, a kashe wuta awa biyu kifi ya tashi daga aiki. Wa ya ce kada a kashe? Manaja? Ina! Manaja agogo kawai ya kalla. Shi ne, da bakinsa, ya ce wa ɗaya daga cikin ma'aikatansa: "Haba Oddvar, sai ka ce yau ka fara? Hannu ɗaya a aljihu, minti biyar ka gama."

Hannu ɗaya a aljihu. Haka tsofaffi suka koya musu, wai ko wuta ta kama ka ba za ta ratsa ƙirji ba. Abin alfahari ma ne a lokacin. Wanda ya ce sai an kashe makunni, mako guda ake yi ana tambayarsa ko a kira masa babarsa.

Ƙara, haske fari fat, da warin… a'a. Ba yanzu ba.

Rahoto ya ce gangancin ma'aikaci ne. Shi Torleif ya sa hannu a ƙasa. Shekara shida ke nan. In ya buɗe baki yau lasisi ya tafi, ga ritaya saura shekara biyu. Matarsa Gunvor tana naɗe masa burodi da cukwi da safe, ko ɗagowa ba ta yi ba: "Ka karanta abin da aka ba ka, ka dawo gida." Ba ta sani ba. Ko ta sani? Matar da ke gane ƙaryarsa tun daga takun sawu?

In kuma ya yi shiru… ɗazu lauyan masu masana'antu ya ce ba a buƙatar wata doka, ba wanda ake tilasta wa, ma'aikata ne ba sa jin magana. Har da hujja. Rahoton hatsarin Oddvar ya ɗaga sama, da sa hannun Torleif a jiki. Tirƙashi!

Benci ya motsa. Oddvar ne ya zauna, hannun rigarsa na dama a naɗe, an maƙale da fil.

"Tsoho, ka yi fari kamar cikin kifi. Buɗe mini fulas ɗin nan, ka san ni da murfi ba ma ga maciji." Ya kurɓi kofi. "Ka ji an karanta ni a ciki? Na yi suna." Dariya, irin tasa mai tari. Sai ya rage murya. "Na san bai kamata ba, ranar nan. Ba tsoron kora na ji ba. Kunyarka na ji."

Shi ke nan. Ya koma kan kofinsa.

Kunya… duk Lahadi suna kwale-kwale ɗaya, shi yake sa masa tana a ƙugiya, ba su taɓa tayar da zancen ba — ko sau ɗaya. Ashe ba waya ce ta ci hannun ba tun farko. Mutum ne ya rasa yadda zai ce wa abokinsa a'a. Doka ba ta tsirar da hannu, wannan kam an sani. Amma gobe wani zai tsaya gaban akwatin wuta, ba sai ya ce "tsoro nake ji" ba, ya ce "doka ta hana", ya ɗaga kafaɗa, magana ta ƙare. Ba mai kiransa rago. Ya koma gida ya ɗauki 'yarsa da hannu biyu. Ɗan abu kaɗan haka? Kai, ai ba kaɗan ba ne. Daɗi yake ji, abin mamaki, daɗi da tsoro a haɗe.

An kira sunansa.

Dogon tebur, fuskoki, kofunan ruwa. Shugabar kwamitin ta ce yana da minti uku.

"Rahoton da aka nuna muku ɗazu… ni na sa masa hannu. Ba haka aka yi ba."

Alƙaluma sun tsaya cak. Muryarsa ce wannan? Rufin bai faɗo ba. Numfashi yana sauka har ƙasan ciki, rabonsa da haka ya manta. Sauran fa, ta ina zai kamo… ga su duk suna jira, kuma wai sai yanzu aka fara.