Kwanukan Auta Masu Shuɗin Fure

A shekarun da aka ɗaga sabuwar tuta ta 'yancin kai, duk amaryar da aka yi a Gaya ta bakin kogi kwanuka masu jan fure ake jera mata a bango. Ja, ja, ja, kai ka ce wani ne ya kafa doka. Sai ga Zalika, matar marigayi Alfari marini, ta hau gada ta tsallaka zuwa kasuwar Malanbil sayen kayan ɗakin 'yarta Auta, ta dawo da masu shuɗin fure.

Ba wai ja ta rasa ba fa. Mai kanti ya baje mata ja har gwiwa, ita kuwa ta miƙa hannu can ƙarƙashin tebur, inda ya tura waɗanda suka ƙi sayuwa. Farare ne tas, da 'yan furanni shuɗi kamar zanen da aka tsamo daga marina. Ta ce a ɗaure.

Kande, yayar mijinta, ita ce uwar jere a unguwar, bakinta kuwa ba ya raga wa kowa. Tana kwance kayan ta tafa hannu.

"Zalika, lafiyarki? Ɗakin amarya ne ko na mai takaba?"

"Yaya, su nake so."

"Ke kike so, yarinya za a yi wa dariya. Dangin ango daga Tunuga za su zo, kin san bakinsu."

Zalika ta san gaskiya ce. Ranar ganin ɗaki guda ce, amma abin da mata suka faɗa a ranar shi amarya za ta sha ji har ta yi jika. Duk da haka ta kafe. Abu ɗaya ta roƙa, a shafe bangon da farar ƙasa kafin a jera, kada a bar shi jan laka yadda aka saba. Kande ta yi tsaki, ta ce to.

Uwar amarya ba ta zuwa jere, kunya ta hana. Zalika ta zauna tsakar gida tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya, kunnenta yana gidan ango, can bayan masallaci. Ta ji wucewar matan Tunuga da hayaniyarsu. Ta ji sun shiga. Daga nan shiru.

Wayyo, shirun nan! Zalika ta ce a ranta shi ke nan, ta jawo wa marainiya abin faɗe.

Sai guɗa ta tashi. Wata ta karɓa, wata ta ɗora, har kaji suka watse. Can sai ga Kande a guje, mace mai jikoki, ɗankwali a hannu.

"Tashi, 'yar taurin kai! Ɗaki ya yi haske kamar an fasa rufi! Uwar ango ta zauna a ƙasa ta ce ba ta fita. Matar komanda mai mulkin gari ma ta aiko a tambayo kantin!"

"Yaya, yarinyar fa?"

"Tana cikin lulluɓi tana murmushi, na gani da idona."

Zalika ta ture faifan, shinkafa ta zube, ko kallonta ba ta yi ba. Daɗi ya kashe ta, hawaye na zuba tana dariya. Ta manta da kunya, ta toshe hanci ta rangaɗa wa 'yar cikinta guɗa, maƙwabta na leƙowa ta katanga.