Rabon Baba

Tun da Baba ya rasu Mama ta ɗaura yaƙi da abinci. A ajiye mata kwano cike, ta kalle shi ta kau da kai. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai ya ba ta gado. Yaya ya yi lallashi, Auta ta yi kuka. Ni ba na lallashi, na san uwata.

Ranar da zan kai ta gidan Yaya, muna tsakiyar tafiya na sauka daga babban titi, na shiga wata unguwa a bayan gari inda akwai gidan abinci na 'yan gayu. Farin ƙyalle a kan tebur, cokula a jere kamar za a yi wa mutum tiyata.

"Ba na jin yunwa," in ji Mama.

"Wa ya ce ki ci? Rakiya kika yi mini."

Ma'aikacin, wani dogo mai baƙar riga, ya kawo mana faranti mai faɗin tire, a tsakiyarsa ɗan yankan kifi da bai fi loma ba.

Mama ta leƙa. "Wannan ɗanɗano ne ko rowa?"

"Haka suke yi, Mama, kaɗan-kaɗan."

"Ikon Allah. Wannan ai ko mayar da shi abin kunya ne." Ta jefa a baki.

Dama abin da na zo nema ke nan. Aka kawo romo a ɗan kofi, ta shanye tana mita. Aka kawo nama, ta ce kyanwa ma ta raina shi, ta cinye. Ni dai na kama bakina, ina ta duban fitilun rufi.

Daga ƙarshe aka kawo ɗan kek. Mama ta raba shi biyu, ta tura rabi gefen faranti, yadda ta saba yi wa Baba duk tsawon zamansu, don shi ne mai son zaƙi. Gabana ya faɗi. Wannan kam ban lissafa da shi ba.

Ma'aikacin ya miƙo hannu zai ɗauke. Ta dafe farantin.

"Bari, ɗana. Na mai gidan ne."

Ya janye a hankali. Mama ta daɗe tana kallon rabin nan, idonta ya cika.

"Ba ya son a bar abinci," ta ce, ta jawo shi gabanta ta ɗauki cokali.