Ranar da Ciwon Ya Lafa

Ranar da Yaya ta fi tsoro ita ce ranar da ta tashi ba ciwo. Sauran ranakun ta san su. Takan farka kamar wadda aka kwana ana jibga, kafaɗu da ƙugu da tafin ƙafa kowanne na nasa ƙorafin, mayafi ma ya yi mata nauyi. Amma jefi-jefi gari kan waye ta ji jikin ya sake, to ranar ce take janyo wa kanta.

Su biyu ke jinyar Mama, wadda ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ma ya tafi: Yaya da ƙanwarta Auta, mai aiki a shagon ɗinkin labule. Ɗaga Mama daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa kujerar roba a banɗaki, ya daɗe da komawa wuyan Auta. Ba mugun hali gare ta ba, gajiya ce ta wasa mata baki. Ranar da Yaya ta dawo daga asibiti da sunan ciwon, faibromayaljiya, cewa Auta ta yi, "Wannan ai sunan ya fi ciwon tsawo." Gwajin jini lafiya, hoton ƙashi lafiya, ba kumburi, ba rauni. Me za ka nuna wa mutum ya yarda?

Ranar sauƙin da ta gabata, Yaya zage damtse ta yi. Ta wanke zannuwan gado, ta goge ƙasa, ta sungumi Mama ita kaɗai ta yi mata wanka. Washegari ko murfin kwalba ta kasa buɗewa. Ta yi kwanaki a kwance, Auta ta fasa zuwa aiki har mai shago ya ja mata kunne.

Likitarta, wata dattijuwa mai gilashi a ƙarshen hanci, ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ta ba. Abin da ya sa Yaya ke komawa wurinta ke nan, don likitocin baya tun kafin ta zauna sun fara rubuta magani.

"Kin san me kike yi?" in ji likitar. "Da jikin ya ɗan sassauta miki, sai ki hau shi da aiki. Ki ci gaba da shan maganin, ki riƙa ɗan tattaki. Amma ranar da kika ji daɗi, ki yi rabin abin da za ki iya, ki tsaya tun ba ki gaji ba. Ɗaga Mama kuwa ki bar shi tukuna."

"Likita, in zauna lafiyata ƙalau, ƙanwata na fama?"

"Ki zo min da ita, ni zan yi mata bayani."

Yaya ta isar da saƙon. Auta ta ce to wa zai zauna da Mama, wa kuma zai je mata aiki? Maganar ta mutu a nan.

Ana nan ranar ta sake zagayowa. Yaya ta tashi sakayau, har ta manta kanta tana ɗan waƙa a kicin. Auta ta leƙo da buroshi a baki, fuskarta ta washe.

"Kai, yau ke ce? Alhamdulillahi. Yaya, don Allah ki yi wa Mama wanka, na makara."

Yaya ta haɗa ruwan ɗumi, ta ajiye sabulu da tawul, ta turo keken nan mai ƙiiƙii har bakin gado. Sai ta jawo kujera ta zauna.

"Ɗaga ta, ni zan wanke ta in shafa mata mai."

"Ciwon ya dawo ne?"

Da ta ce e, da shi ke nan, Auta za ta ja tsaki ta ɗaga. Amma ta gaji da a riƙa zarginta da ƙarya, ba za ta fara yi yau ba.

"Bai dawo ba. Ba na jin komai. Shi ya sa zan zauna, haka likita ta ce."

Auta ta ajiye jakarta a hankali. "Ranar ciwo ki kwanta, ranar lafiya ki zauna. To ni wace rana ce tawa, Yaya? Likitar taki ta faɗa miki? Ni bayana na ƙarfe ne?"

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta yi wa Yaya zafi. Ta yunƙura za ta miƙe, a yi ta ta ƙare, gobe ta ji da kanta. Sai hannun Mama mai lafiyar ya damƙi tsintsiyar hannunta ya danna ƙasa. Riƙon ya yi mata zafi har cikin ƙashi, ba ta janye ba. Auta ba ta lura ba. Ta sa hannu a hammatar Mama ta ɗaga tana nishi, ta gama ta fita ba sallama.

Yaya ta yini tana kallon kwandon wanki tana ƙyale shi. Kunya ta ishe ta.

Washegari ta buɗe ido tana jiran dukan ciwon. Ya zo, amma ɗan kaɗan, irin wanda ake iya tafiya da shi. Ta sauko da ƙafafunta, suka ɗauke ta. Tunda ciwon nan ya same ta, ba ta taɓa tashi a bayan ranar sauƙi ba sai yau. Hawaye ya zubo mata. Ta dafa shayi ta kai ɗakin Auta da hannunta, so take ta ce mata duba, abin ya yi, ki ɗan ƙara min haƙuri.

Auta na zaune a bakin gado tana shafa wa ƙugunta man zafi. Ta ɗago ta kalli yayarta tsaye da kofi, daga sama har ƙasa.

"Jiya lafiya, yau ma lafiya," ta ce. "Ai dama na sani."