Ruwan Tsofaffi

Tun muna 'yan mata ni da ƙawata Mal-sun muke nutso tare a tekun tsibirin Jeju, a ƙasar Koriya. In ta shiga ƙasa neman kawa, wato dabbar ruwa mai ɓawo, ni nake tsaron kanta a sama. In na shiga, ita take tsarona. Haka muka yi furfura.

Bara numfashinta ya fara gajarta. A taron masu nutso aka ce a mai da ita ruwan tsofaffi, wato bakin gaɓa inda ba zurfi. Na ɗaga hannu na yarda, kuma ko yau aka sake tambaya zan ɗaga, don na fi son ta yi fushi da ni da in ga gawarta. Fushin kuwa ta yi. Ta daina gaishe ni, ta canza wurin zama a bakin wutar da muke jin ɗumi. Na kai mata lemun gonata, ta ce haƙoranta ba sa son tsami. Abin ya ci mini rai ƙwarai, domin ba ni da wata ƙawa kamarta.

Da lallashi ya ƙi, wata safiya na bar jirgi ya tafi da gwanaye, na ɗauki ragata na bi ta bakin gaɓa.

"Me ya kawo sarauniyar zurfi wurin gajiyayyu?" in ji ta, ba ta ko dube ni ba.

Na ce gwiwata ce ke ciwo. Ta ce ƙarya ba ta taɓa yi mini kyau ba.

Ashe ruwan tsofaffi ma da iyawa. Ban san ramukan duwatsun ba, na yi ta lalube, igiyar ruwa tana buga ni, ita kuwa tana cika raga tana dariya har da tari.

Da muka fito, ragata kusan wayam. A al'adarmu, gwana takan ɗebi daga kamunta ta zuba wa sabuwar shiga don kada ta koma gida da kunya. Mal-sun ta jira sai da mata suka taru, ta ɗebo dodon koɗi hannu biyu ta juye mini.

"Ungo, 'yar koyo. Gobe ki zo da wuri, ba na nutso ba mai tsaron kaina."

Na ɗaga ragar sama na zagaya wutar da ita ina rangaji, na tabbatar ba wadda ba ta gani ba.